Dala Ashirin Ko Sefa Ɗari? Abin Da Jika Ke Koyo a Kwanon Kaka

 Da fatan zubin wannan mako ya cika, kuma ba wadda aka ci tarar makara. Bazara ta kankama, rana na dukan ƙeya tun hantsi, amma Allah bai bar mu haka ba: mangwaro ya sauka. Duk wadda ta bi kwaltar da ta taso daga Gidan Rumji ta ratsa Tsibiri da Maraɗi, ta wuce Caduwa da Agye har Gazawa, ta ga tulinshi a bakin hanya, kashi-kashi bisa buhu. A kan wannan mangwaro za mu yi magana yau, da jikokinmu, da wani abu da ya faru a ƙungiyarmu wanda muka ga bai kamata mu riƙe shi mu kaɗai ba.

Ranar taro ce, an gama zubi, an rufe akwati. Sai ɗaya daga cikin tsofaffinmu, mai riƙe da makulli guda, ta kawo kukanta. Jikanta ɗan aji uku ya dawo daga lakwal da lissafi a allo, ya kasa, ya yi ta hawaye. Uwarshi na wajen daka, ubanshi ya tafi cin rani, sai ya kawo ma kaka. Ta juya allon sama, ta juya shi ƙasa, ta miƙa mishi abinshi. Ta ce ita da ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba, me za ta tsinta a ciki? Muka yi tsit, sannan wata ta tuntsire da dariya. Abin dariyar kuwa, bai fi minti goma ba da wannan tsohuwar ta gama gyara ma mai rubutunmu kuskure. Da ka ta faɗi wadda ta ɗauki bashin jikka biyar, da makon da ta ɗauka, da abin da ta biya, da abin da ya rage. Aka buɗe kaye aka bi layi, aka tarar maganarta ce daidai.

Muka aika aka kira yaron da allonshi. Abin da ke rubuce shi ne 500 a cire 375. Mai rubutu ta maida shi kuɗi, ta ce mutum ne ya je kasuwa da dala ɗari, ya kashe saba'in da biyar. Kafin ta rufe baki kaka ta ce saura ashirin da biyar. Abin da ya ba mu mamaki, shi ma yaron ya faɗa tare da ita, don kullum ana aiken shi sayen sikari da magi, canji ba ya ɓace mishi. Amma da aka ce ya rubuta amsar a allo sai ya rubuta 25. Bai san dala ashirin da biyar ɗin da ke bakinshi ita ce 125 ɗin da mushe ke nema ba.

A nan gizo ke saƙa. Mu da dala muke ƙirga, kuma dala guda tamma biyar ce, wato sefa 5. Saboda haka lambar da ke jikin kuɗi da sunan da muke kiran kuɗin ba su zo ɗaya ba. Ƙwandala mai lamba 100, ashirin muke ce mata. Mai 50 goma ce, mai 25 biyar ce, 500 ɗari ce, 1000 kuma jikka. A lakwal da lambar jikin kuɗi ake aiki, kuma a mafi yawan azuzuwa da Faransanci. Sai yaro ya tashi da lissafi biyu a kanshi, na kasuwa da na allo, kowanne na zaman kanshi kamar kishiyoyin da ba su ga maciji. Da yawa daga cikin yaran da ake ce ma daƙiƙai sun iya lissafi sarai. Ba a dai taɓa zaunar da su an haɗa masu biyun a wuri guda ba.

Mu kuma lissafin ka gadonmu ne a wannan tafiya. Lokacin da CARE ta fara Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi a 1991, yawancin matan farko ba su karatu ba su rubutu. Da ka suke riƙe zubi da bashi, a gaban idon kowa, kowacce na shaidar ƴar uwarta. Tsarin ya tsaya da ƙafarshi har aka kwaikwaye shi a ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. In ka da tuni sun iya riƙe dukiyar mata talatin shekara guda ba ta salwanta ba, za su iya riƙe hannun yaro ɗan shekara takwas.

Me ya sa kaka

Za a ce, to ina iyaye? Iyaye suna nan, sai dai kowa ta san yadda gida yake. Uwa na tsakanin rijiya da turmi da murhu, ga goyo. In yaron ɗan fari ne ma, ko sunanshi ba ta kamawa, balle ta zauna hira da shi. Uba in yana gari, tsawa ce ke fara fita kafin bayani. Yaro kuwa in yana tsoro kanshi rufewa yake yi, ko abin da ya sani sai ya gudu.

Tsakanin kaka da jika ba wannan. Wasa ne tun daga zanen goyo. Namiji angonta ne ko maigidan da ba ya cefane, mace kishiyarta ce mai ƙwace miji. Jika na iya yin kuskure a gaban kaka ya yi dariya, ta tsokane shi ya rama, ya sake gwadawa. Abin da malamai ke wahalar samu a aji mai yara cunkus, wato yaro ya saki jiki ya yi tambaya, kaka ta same shi a ɓagas. Mun daɗe muna kashe wannan dama a tatsuniya da tsokana kaɗai. Tatsuniya na da daɗi, ba mu ce a bari ba, amma damar ta fi haka faɗi.

Muka zaɓi haɗin ɗiyan itace don dalilai masu sauƙi. Ba ya son wuta, ba ya cin icce, ba tukunya mai zafi da za ta kife ma yaro. Ana gamawa cikin awa guda, kuma ladan aikin a baki yake ƙarewa. Mutanen birni na cin irinshi bayan abinci, don wanke baki. Mu ba al'adarmu ba ce, mangwaro in ya samu a tsaye ake shan shi, ruwa na bin gwiwar hannu. Amma yankawa da haɗawa da rabawa su ne ke kawo lissafin, shi ya sa muka ɗauko dabarar.

Aike kasuwa

Darasin tun a ƙofar gida yake farawa. Kada ki je ki sayo ki kawo masu. Ki zauna da su, ki baza kuɗin bisa tabarma, ƙwandala-ƙwandala in da hali. Ki ɗaga guda ki ce: angona, nawa ce wannan? Zai ce ashirin. Ki ce to karanta mini abin da aka rubuta a jikinta. Zai ce ɗari. Ki ɗaga mai 50, ya ce goma, ya karanta hamsin. Ki ɗaga mai 25. Kada ki yi saurin faɗa mishi sirrin, ko da kin sani. Ki bar shi ya yi ta jujjuya su. Yaron ƙungiyarmu a ƙwandala ta huɗu ya yi tsalle, ya gane kowace dala biyar ce a rubuce. Abin da yaro ya tono da kanshi ba ya mantawa.

Sannan a tsara cefane. A ce dala ɗari ce a hannu. Farashi na canzawa daga kasuwa zuwa kasuwa, misali ne kawai muke bayarwa: mangwaro na talatin, ayaba ta ashirin, nono na ashirin, lemun tsami na biyar. Ke ki tara da ka, wanda ke lakwal ya rubuta a allo da lambobin mushe, 150 da 100 da 100 da 25. Ke kin samu saba'in da biyar, shi ya samu 375. Ke kin ce canji ashirin da biyar, shi ya rubuta 125. In suka dawo a zube canjin a ƙirga lambobin jikinshi, a ga ko ke da allo kun yi daidai. Daga ranar ya san kaka da mushe magana guda suke yi, harshe ne ya bambanta.

Ki aiki biyu tare, babba da ƙarami, mace da namiji in akwai. Ki koya masu zaɓe kafin su fita. Mangwaro nunanne ana jin ƙamshinshi ta wajen hanci, yana ɗan lotsawa in an taɓa a hankali. Wanda ya fashe, ko ya yi baƙin tabo mai laushi, ko ƙuda ya yi sansani a kai, a bar ma mai shi ko da ya ce gyara ce. Su yi tayi, su yi godiya, su ƙirga canji a gaban mai kaya kafin su juya baya.

Kada mu ɓoye maku, gwajinmu na farko bai tafi sumul ba. An aiki yara uku, mangwaro shidda aka saya, huɗu suka iso gida, ga bakin ƙaramin ya yi rawaya har kunne. Wata daga cikinmu ta miƙe za ta ɗauko tsumagiya, kakar ta hana. Ta zaunar da shi ta sa ya lissafa kuɗin biyun da suka shige ciki, ta ce to rabonshi ya riga ya ci, sai dai ya yi ma sauran hidima. Ya yi ta zumɓura baki, amma ya wanke kwanoni, kuma da aka zo rabo ƴan uwanshi da kansu suka tsakura mishi. Mako na gaba shi ya riƙo ledar, guda bai ɓata ba.

Ruwa da sabulu kafin wuƙa

Wannan wurin ba wasa a cikinshi, ko da kaka ce. Mun sha jin ana cewa mangwaro na kawo zawo da zazzaɓi, har wasu iyaye na hana yara. Mangwaro lafiyayye da aka wanke ba ya kawo ciwo. Abin da ke kawo zawo shi ne dattin da ke bayanshi, da ƙudan da ya tashi daga bayan gida ya sauka a kai, da hannun da ba a wanke ba, da wanda aka tsinta a ƙasa ya fara ruɓa. Zazzaɓin cizon sauro kuma sunanshi ya faɗi mai kawo shi. Wadda ta ga kwalarar 2018 da ta faro ta wajen Madarumfa, da ta 2021, ba sai an yi mata dogon bayani ba. Abin da za a ci ɗanye, ba wutar da za ta kashe ƙwayar cuta, ruwa da sabulu ne kaɗai garkuwarshi.

Kowa ya wanke hannu da sabulu, ana zuba mishi ruwa da buta, ba a tsoma hannu cikin kwano guda ba. Bayan hannu, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce. Ki sa su ƙirga har ashirin da ƙarfi suna cuɗawa, ƙananan sun samu ƙirga ke nan a kyauta. Ɗiyan itacen a wanke su da ruwan sha mai tsabta kafin a fere, har kankana da ayaba da ba a cin bawonsu, don wuƙa na kwasar dattin baya ta shiga da shi ciki. In ruwan rijiya ne ba ki yarda da shi ba, ki tafasa ya huce, ko ki sa ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs yadda ma'aikatan likita suka nuna, ki jira rabin awa. A wanke ƙaron da ke tsatsowa ta hancin mangwaro da kyau, shi ne ke ƙona ma yara gefen baki. Wuƙa da faranti da ludayi su ma a wanke, a tanadi faifai na rufewa.

Wankin nan maza da mata ne. Mun lura da zarar an ce wanki sai yaran maza su ja baya su harɗe hannu, suna jiran a gama su ci. A kwanon kaka wanda bai wanke ba ba ya sa hannu. Almajiri na wanke kwanonshi, ɗan cin rani na dafa abincinshi, ba wanda ya ce sun zama mata.

Yanka da haɗi

Wuƙa mai kaifi a hannunki take, ko a hannun wanda ya kai shekara goma kina kallo. Ƴan shekara biyar zuwa bakwai su ɓare ayaba su yanka ta da cokali, su cire ƙwayar kankana ko ta gwanda, su matse lemu.

Kafin a daddatsa, a tsaya kan ayaba guda. Ki raba ta biyu ki tambayi sunan kowane yanki. Rabi. Ki sake raba kowane rabi, sun zama huɗu, kowanne rubu'i, ko kwata yadda wasu ke cewa. Ki tambaya: kwata nawa ke cikin rabi? In na cinye guda saura nawa? Ki haɗa su su koma ayaba guda a gaban idonsu. Wannan shi ne lissafin kashi da ke ba yara ciwon kai a manyan azuzuwa, ga shi suna lasar yatsa a kanshi. Ki yi masu wayo ma, ki yanka biyu ɗaya ya fi ɗaya girma, ki ce ga rabi-rabi. Za ki ji ihu. Sai ki ce to ashe rabi sai an yi daidai, ku gyara mini.

Ga yadda muka haɗa na mutum shidda. Mangwaro uku manya, a fere a yanka ƙanana kamar kan babban yatsa. Ayaba biyu. Yanki guda na gwanda ko kankana, duk wanda ya fi araha ranar. A zuba a kwano mai faɗi, a matse rabin lemun tsami a kai, a juya a hankali kada ya dame. A gefe guda a jiƙa garin ɗiyan kuka cokali biyu a ruwa kaɗan, a tace, a dama shi da kindirmo ludayi biyu, irin haɗin da wasu ke kira kwalba da nono. Nonon ya zama na wadda kika sani, kika san tana tafasa madararta kafin ta kwantar. In mangwaron ya nuna sosai ba ya son sikari. In ana son ƙarin zaƙi, dabino uku a cire ƙwallo a yayyanka sun wadatar. A zuba nonon bisa ɗiyan itacen, a barbaɗa soyayyen riɗi ko dakakkiyar gyaɗa. Riɗi dai ba baƙo ba ne a gonakin Agye da Gazawa, kusan kowa na da ɗan kulli a ɗaka.

Ba mu da firigo, ba kuma ma buƙatar shi. A rufe kwanon da faifai, a naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, a ajiye gindin randa kamar minti goma sha biyar. Yaro zai tambaya me ya sa ya yi sanyi. Ki sa ya jiƙa bayan hannunshi ya hura, ya ji da kanshi yadda ruwa in yana bushewa yake tafiya da zafi. Haka randa ke yi da gumin jikinta. Daga nan a ci a cinye. Yankakken abu mai nono ba ya jiran yamma a wannan zafi, balle kwana.

Akwai wani ɗan gwaji da yaran suka fi so. A ware yankan ayaba biyu, a shafa ma guda ruwan lemun tsami, a bar guda haka nan, a rufe su gefe. Kafin a gama ci a wanke kwano, wanda ba a shafa ma ba ya fara duhu, ɗayan na nan da haskenshi. Iska ce ke sa yankakkiyar ayaba duhu, tsami kuma na rage mata sauri. Ki tambaye su tun farko wanne suke zaton zai canza, kowa ya faɗi nashi, sannan a duba. Wata jikarmu ta koma gida ta gwada da dankali ba wanda ya sa ta.

Amfanin ga jiki ma a faɗa masu a taƙaice. Mangwaro da gwanda, masu jan ciki, suna ba jiki bitamin A mai taimakon ido da ƙarfin jure ciwo. Garin kuka da lemu na da bitamin C mai yawa, wanda ke taimaka ma jiki ya amfana da sinadarin ƙarin jini da ke cikin gero da wake. Sai dai a kula da ƙanana. Jaririn da bai kai wata shidda ba nonon uwa kaɗai, ko ɗanɗane kada a ba shi. Wanda ya wuce haka a murƙushe mishi mangwaro ko ayaba da cokali. Zuma sai ya cika shekara. Gyaɗa guda-guda, da aya, da ƙwallon magarya ko na dabino, a nisanta su da ƴan ƙasa da shekara huɗu, suna sarƙe maƙogwaro.

Rabo

Mu da muke fasa asusu kowace shekara mun san a wajen rabo ake gane mutum. Gidanmu kuma gidan yawa ne, jikokin nan wani na ɗakin uwargida, wani na ɗakin amarya, wani ɗan ɗiya ne ya zo hutu. Yara na kallon ludayin kaka fiye da yadda muke zato, kuma suna kai rahoto ɗaka. Dokar da muka sa ita ce mai rabo shi ke ɗauka a ƙarshe. Ki ba babbansu ludayi, ya ƙirga kawuna, ya jera kwanoni, ya zuba ɗaya-ɗaya yana zagayawa har ya ƙare. Ƙarami ya fara zaɓa. Za ki ga yadda mai rabon ke daidaita kwanoni kamar mai awon zinariya, tunda ya san abin da aka bari shi ne nashi. A cire na maƙwabciya tsohuwa ko mai jego tun kafin a raba, a aiki guda ya kai.

In ba kuɗi fa

Wata ta tashi a taro ta ce duk wannan daɗin baki ne, ita da ke auna tiyar hatsi da ido saboda damina na tafe, ina ta ga dala ɗari ta mangwaro? Gaskiya ta faɗa. Ba mu ce a taɓa kuɗin hatsi ko na iri ba, ba mu ce a ci bashin asusu don abin zaƙi ba. Kakanni uku na iya haɗa dala talatin-talatin su tara jikokinsu wuri guda sau ɗaya a wata. Mangwaro guda da lemu guda ma sun isa darasi.

Kuma daji na da nashi kwanon. Da sanyi ga magarya, ga kanya, ga aduwa da tsamiya. Da rani ga goruba da ɗiyan kuka. Gab da faɗuwar ruwa ga nunu na danya da faru, da kaka ga ɗinya. Yawancinmu mun tashi muna daka magarya ana yin akuri, muna jiƙa tsamiya, muna kallon iyayenmu na dafa maɗi. Yau akwai yaran da suka san sunan alawar leda kala biyar amma ba su iya bambanta iccen kanya da na ɗinya. In muka tafi da wannan sani a cikinmu, ba kayen da za a buɗe a same shi.

Itatuwan ma da sun kusa ƙarewa. Waɗanda suka ga yunwar 1984 sun tuna yadda gonaki suka koma fili fetal, iska na kwasar ƙasa. A shekarun nan ne aka fara sassaben zamani a jihar Maraɗi, manomi ya bar tohon kututture ya gyara shi ya zama icce maimakon ya sare ya ƙone. Ƙauyen Ɗan Saga na ƙasar Agye ya yi suna a kan haka har baƙi daga wasu ƙasashe na zuwa gani, kuma ana ƙiyasta hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo a ƙasar nan ta wannan hanya. Jikan da ya ci akurin da ya daka da hannunshi, ya san gindin magaryar da aka kaɗo, zai yi wuya ya ɗora mata gatari in ya girma. Ki tafi da su gona, ki nuna ganye ki ce a faɗi suna, ki faɗi watan da kowanne ke nuna. Wanda ya iya rubutu ya rubuta sunayen da Hausa a bayan kayenshi.

Maganar da ta raba mu

Da aka ɗanɗana haɗin aka ji daɗi, nan take wata ta kawo shawarar a riƙa yi da yawa ana ɗora ma ƴan mata su kai tasha. Mu ƴan asusu ne, duk abin da muka gani sai mun auna ribarshi, ba laifi ba ne. An yi ta ja har la'asar. Wasu suka ce sana'a ma ilimi ce, kuma da talla aka yi ma yawancinmu kayan ɗaki.

Mu masu wannan rubutu ba mu goyi baya ba, kuma za mu faɗi dalili. Na farko, abin ba ya jure rana. Awa biyu a kan tire a tasha, nono ya juya, ƙuda ya samu, sai a saida ma mutane ciwon ciki da sunan ƙungiya. Na biyu shi ne ya fi damun mu. Mun fara wannan abu ne don yaro ya daina kuka a kan allo. In ya ƙare da yarinya ta bar aji tana yawo tsakanin motoci da tire a ka, mun yi asarar uwar kuɗi garin neman riba. Kowa a nan ta san yarinyar da aka ce ta yi tallan kwana biyu kafin ta koma lakwal, har aka ɗaura mata aure ba ta koma ba. Wadda ke son sana'ar ɗiyan itace, babba ce za ta yi da kanta, kuma busasshe ya fi: akuri, garin kuka a ƙulle, tsamiya a dunƙule, ba su lalacewa. Ba a kai ga matsaya ɗaya ba ranar, an dai yarda ranar da kaka ta tara jikoki ba ranar ciniki ba ce.

Tsohuwarmu mai makulli yanzu duk Alhamis da yamma tana baza tabarma, jikoki bakwai da na maƙwabta uku. Ƙwallayen mangwaron da suka sha ba a zubar ba. Sun binne huɗu a bayan ɗaki inda ruwan wanka ke bi, sun kewaye da ƙaya saboda awaki, kowane yaro da ranar ban ruwanshi. An faɗa masu wanda ya fito daga ƙwallo yakan ɗauki shekaru kafin ya yi ɗiya, kuma ba lalle ya yi irin na uwar ba sai an yi mishi aure da reshen mai kyau. Biyu sun tsiro. Yaron nan na allo ya samu kara ya yi mishi tsaga-tsaga yana auna tsayinsu duk mako, yana rubutawa. Ita kuma kakar ta sa shi ya koya mata lambobin da ke jikin kuɗi, ta kai 500, ta ce kafin a fasa asusun bana tana so ta duba layinta a kaye da idonta.

Ƙungiyar da ta gwada, ta Gangara ce ko ta Cadakori ko ta Saye Sabuwa, ta ba mai zagayen ƙungiyoyi labarin yadda ta kaya da irin ɗiyan itacen da kuka samu a wajenku, mu buga a fitowa ta gaba.